Littafin aikin MGB: canjin ƙafar gaba da ƙarfafa kurosmemba

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na tura motar cikin gareji da niyyar ba za ta fito ba sai ƙafar gabanta ta canja. MGB ce buɗaɗɗiya, ƙirar 1975, daga masana'antar Abingdon, mai injin 1798cc. Shekararta uku a hannuna a nan Coventry, a Ingila. Inji lafiya lau, giya lafiya, amma duk sanda na shiga shataletale da ɗan gudu sai ta kwanta gefe guda kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi ɓangare ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen 1974 dokokin Amurka suka tilasta wa kamfanin sanya wa motar baƙar bamba ta roba, aka kuma ɗaga ta sama. Maimakon a sake zana ƙafar, sai aka ƙara wa kurosmemba tsayi a inda yake haɗuwa da bodi. A shekarar da aka yi tawa ma har sitabilaizar gaba aka cire don rage kashe kuɗi. Mota ta ƙara nauyi a hanci, ta ƙara tsayi, an kuma ɗauke abin da ke hana ta kwanciya.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba: kurosmemba wani ƙaton ƙarfe ne mai rami a ciki da ke gicciye a ƙarƙashin inji, kusoshi huɗu kacal ke riƙe shi da bodi, da fallen roba a tsakani. A kansa komai na gaba yake zaune: hannuwan ƙasa, sifirin, rak ɗin sitiyari, da shokozoba irin ta Armstrong mai hannu, wadda hannun nata shi ne kuma hannun sama na ƙafar. Ka kwance kusoshin nan huɗu, ƙafar gaba gaba ɗaya ta sauko.

Na daɗe ina sha'awar ƙafar RV8, sabuwar ƙirar MGB wadda aka yi tsakanin 1992 da 1995, mai boljoyin a madadin kimfin, wato sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kanta in an karya kwana. Sai dai motocin kusan 2,000 kawai aka ƙera, yawancinsu kuma Japan suka tafi, don haka kayanta ba na aljihuna ba ne. Gajeren sifirin shi ne hanya mafi sauƙi, amma ba na so, domin yana karkatar da hannuwan ƙasa da tayarod daga yadda aka tsara su. Abin da na yanke: in samo cikakkiyar ƙafa ta tsohuwar ƙira mai bambar ƙarfe, in gyara ta, in ƙarfafa ta, in sa. Kuɗin da na ware fam 700.

Awon farko, daga tsakiyar hob, wato cibiyar taya, zuwa ƙasan layin azurfa na gefen bodi: inci 15 da rabi a dama, 15 da kwata a hagu.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na samo ƙafar wata mota ta 1971 a wajen wani mai kwance tsofaffin motoci a can gefen Leicester. Fam 140, man mota fam 30. Tana lulluɓe da giris da laka na shekaru hamsin. Mu biyu muka ɗaga ta da ƙyar.

Asabar, 27 ga Janairu

Kwance-kwance. Sifirin ɗin ƙafar da ba ta jikin mota abin tsoro ne, domin babu nauyin inji da zai danne shi. Na ari abin matse sifirin a wajen dattijon maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana ƙera kayan aikin masana'anta kafin ya yi ritaya, na kuma zagaya sarƙa ta ciki na ɗaure. Kusar da ke haɗa hannun ƙasa da kimfin ta hagu ta manne da bututunta, sai yanka na yi. Ramukan hannuwan sun zama kamar ƙwai saboda rashin giris. Hannuwa biyu sun tafi shara.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Na kai kurosmemba a kankare shi da yashi. Fam 60.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na karɓo shi tas, kuma raina ya ɓaci. Abin da datti ya rufe ya fito fili.

Ƙasansa ya lotsa ciki kusan kaurin yatsa, inda aka yi shekaru ana kafa jak ba tare da katako ba. A gindin lotsawar akwai ƙananan huji na tsatsa wajen bakwai, daga ciki ta cinyo, inda ruwa ke kwanciya. Kunnen da ke riƙe rak na ɓangaren direba ya tsage a gindin walda, tsagar ta kai santimita uku. Da fitila na gan ta, siririya kamar gashi. Wannan ita ta fi tayar mini da hankali, domin duk juyin da hannu ya yi wa sitiyari ta kan kunnuwan nan biyu yake bi ya kai ga taya. Sannan notunan da ke liƙe a ciki, waɗanda kusoshin shokozoba ke shiga, biyu cikin huɗu na dama haƙoransu sun cinye. Kusar 3/8 na sa da hannu, ta wuce ba tare da ta kama komai ba. A mota irin wannan, shokozoba ta saki, hannun sama ne ya saki.

Na zauna a kan bokiti na daɗe ina kallonsa. Araha ba ta ado. Amma lotsawar a tsakiya take, kuma da na auna ramukan kusoshi huɗu gicciye, kusurwa zuwa kusurwa, bambancin bai kai milimita ɗaya ba. Ƙashinsa a miƙe yake. Zan gyara.

Ƙarfen milimita 3, gas ɗin walda da notuna: fam 48. Jimla zuwa yau fam 278.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na yanke ƙasan da ya ruɓe, na ga cikinsa: garin tsatsa ya cika kofi guda. Na buɗe 'yar taga a jikin hasumiyar sifirin ta dama, na fitar da matattun notunan, na liƙa sababbi a kan faranti guda mai kauri yadda nauyin zai bazu, maimakon kowanne ya tsaya shi kaɗai. Na ɗaura tsohuwar shokozoba a kai kafin in ɗiga walda, don ramukan su zauna daidai. Wannan ya yi kyau.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na yi ɓarna.

Na yanko sabon farantin ƙasa, na ƙara haƙarƙari biyu a tsaye a cikin ramin, daga bango zuwa bango, don jak ya sami abin dannawa nan gaba. Har nan babu laifi. Laifin shi ne na ajiye kurosmemban a benci haka nan, ba ɗauri, na ja walda doguwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan a gefe guda, sannan na juya na yi ɗayan. Sanyi ake yi, ina son in gama kafin magariba. Da ya huce na kifa shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfen maƙwabcina, sai ya riƙa rawa. Kusurwar baya ta hagu ta tashi milimita 4.

Milimita 4 kamar ba komai ba ne, kuma na san akwai mai cewa robar tsakani za ta shanye. Ba za ta shanye ba. Kusa za ta ja shi da ƙarfi ya zauna, amma hasumiya ɗaya za ta karkata, kasta (wato jinginar da kimfin ke yi zuwa baya) na hagu ya bambanta da na dama, motar ta riƙa ja gefe guda har abada, kuma babu wurin juya kasta na gefe guda a ƙafar MGB.

Bayan isha'i na kira Kawu a Kaduna. A shagonsa na Panteka na fara riƙe sandar walda ina ɗan shekara goma sha uku, lokacin Fijo 504 ce ke cika layin. Na nuna masa ta bidiyo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, tsawon zamanka a wurina ka taɓa ganin mun yi wa ƙyauren gida walda ba mu ɗaure shi ba?"

Na ce, "Ban taɓa gani ba, Kawu."

Ya ce, "To wuta ja take yi. Inda ka zuba ta da yawa, can ƙarfe zai bi in ya huce. Ka yi masa gado tukuna ka ɗaure shi, sannan ka ba shi wuta ta ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan. Kada ka doke shi da guduma."

Na ce, "Allah ya ƙara girma."

Asabar, 17 ga Fabrairu

Kafin a yi gadon sai an sauke na jikin motar, domin daga shi zan kwafi ramuka. Na tokare bodi, na sa jak a ƙarƙashin kaskon sifirin, na sassauta a hankali da nauyin inji a kai. Na cire tiyon birki, na kwance mahaɗin sitiyari, na sauke. Awa biyar. Da na jera su biyu a ƙasa, gani ya kori ji: ƙarin tsayin da aka yi wa na 1975 ga shi nan a fili, kuma kunnuwan rak ɗinsu ba kusurwa ɗaya suke kallo ba. Na lura da wannan, zan dawo kansa.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Gadon ya kammala. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50, da ginshiƙai huɗu da maƙwabcina ya daidaita mini tsayinsu a injinsa. Ƙarfen fam 40. Na ɗaure kusurwa uku, na ja ta huɗun a hankali, na gasa layuka gajeru a saman ƙarfen, kishiyar inda na yi doguwar waldar, ina barin kowanne ya huce da kansa. Sau shida. A na shida ya sauko zuwa ƙasa da rabin milimita bayan an kwance ɗaurin. Alhamdu lillahi.

Sauran ƙarfafawar duk a kan gado na yi ta: ƙananan faranti masu kusurwa uku a gindin hasumiyoyin biyu, da bin tsohuwar waldar masana'anta inda ta yi ƙaranci. Santimita biyu a nan, in koma can nesa in yi biyu, in tsaya. Maƙwabcina ya so in rufe ko'ina da faranti. Ban yarda ba. Abin da ya gaza a wannan ƙarfen wuri uku ne: ƙasa, notuna, da kunnuwan rak. Ƙarin ƙarfe a inda bai gaza ba nauyi ne a hancin motar da tuni nauyi ya yi mata yawa, kuma ƙarin wuta ne da zai sake jan sa. Na huda ramuka biyu a ƙasa don ruwa ya riƙa fita.

Asabar, 2 ga Maris

Kaya sun iso. Kimfin biyu da aka riga aka sa wa sababbin bushin aka gyara musu rami, na ba da tsofaffin a musaya: fam 175. Na so in yi da kaina, amma bushin sama da na ƙasa sai an rarake su a layi ɗaya da abin aiki na musamman, sayensa don aiki ɗaya asara ce. Shokozoba biyu gyararru fam 140. Bushin, robobin tsakani, kusoshi da hannuwa biyu fam 82. Bushin ciki na hannun ƙasa na ɗauki irin na MGB GT V8 ta 1973 zuwa 1976, guda ɗaya mai bututun ƙarfe a ciki, ya fi na asali mai gida biyu daɗewa nesa ba kusa ba. Jimla fam 715. Na riga na wuce abin da na ware.

Asabar, 9 ga Maris

Ranar rak. Rak ɗin 1971 sandarsa ba ta kai inda sandar sitiyarin motata ta ƙare ba, domin na ƙirar bambar roba ya fi tsawo, mahaɗin ma ba wuri ɗaya yake ba. Don haka rak ɗina zan riƙe, kunnuwan ne za su bi shi. Tunda ɗaya ya tsage dama, na yanke duka biyun.

Na ɗaga kurosmemba tsirara na ɗaure a mota da sababbin robobi. Na yi kunnuwa na kwali tukuna, sannan na ƙarfe. Ƙa'idar ita ce sandar rak da sandar sitiyari su nuna wuri ɗaya a tsakiyar mahaɗin, ba tare da an tanƙwara ko ɗaya ba. Maƙwabcina ya ƙera mini tsinkaye biyu masu kaifin baki, aka sa ɗaya a kan kowace sanda, muna motsa rak har bakinsu ya sumbaci juna. In ba su haɗu ba aka tilasta, sitiyari zai riƙa tauri a wani wuri yana saki a wani, boris ɗin rak kuma ya mutu da wuri. Na ɗiga walda wuri uku a kowane kunne. Tsakanin rak da fulin gaban inji yatsana na shiga, ya isa.

Talata, 12 ga Maris

An ɗauki azumi jiya. Aiki ya koma bayan tarawih, awa ɗaya ko biyu, ba kullum ba.

Asabar, 16 ga Maris

Wani koma-baya, wannan na rashin tsara aiki ne. MGB tana da kasta kusan digiri 7, an tsara ta ne lokacin tayoyin da, kuma da tayar zamani sitiyarin yana da nauyi wajen fakin. Akwai 'yan siraran ƙarafa masu kaurin gefe ɗaya da ake sawa tsakanin kurosmemba da bodi, suna rage kusan digiri 3. Tun farko ina da niyyar sa su, sai wannan makon suka iso, fam 45. Da na sa, kurosmemba ya ɗan duƙa, rak ya duƙa tare da shi, tsinkayen nan biyu suka rabu da kusan milimita 8.

Da na gama waldar kunnuwan a makon jiya, da yanzu ina kuka. Ɗigo shida ne kawai, na kankare su, na sake daidaitawa da ƙarafan a wurinsu. Wanda zai yi irin wannan aikin, ya sa duk abin da zai zauna tsakanin kurosmemba da bodi, ya ɗaure da ƙarfin da littafi ya ce, sannan ya taɓa kunnuwan rak.

Lahadi, 24 ga Maris

Na sauke shi, na mayar gado, na gama waldar kunnuwan, kowanne da faranti mai kusurwa uku a bayansa yana tokare shi da jikin kurosmemba. Rak ɗin na cire, na ɗaura sandar ƙarfe a madadinsa don wuta kada ta taɓa shi. Na sake aunawa: bai motsa ba.

Laraba, 27 ga Maris

Fenti. Na fesa kakin hana tsatsa a ciki har ya ɗigo ta ramukan ƙasa. Fam 34.

Asabar, 6 ga Afrilu

Haɗawa, ni da babban ɗana. Kusoshi huɗu na bodi na ɗaure su a kan ƙarfin 55, na shokozoba a kan 44 (awon lb ft), da sifanar awo. Notunan da na liƙa sun kama gam. Sifirin na ƙirar bambar ƙarfe na sa, muka ɗaga kaskon da jak. Yaron ya ɗauki sifana zai ƙarasa ɗaure notunan bushin ciki, na riƙe hannunsa.

Ya ce, "Abba, ai a sake suke."

Na ce, "Bar su haka sai ta tsaya da ƙafarta. In ka ɗaure yanzu hannu yana rataye, in ta sauka robar za ta murɗe, wata shida ta yage."

Sitabilaiza mai kaurin 3/4 na inci, fam 98. Ta asali a buɗaɗɗiyar MGB 9/16 ce. Ramukan ɗaurinta na nan a jikin bodi, tsatsa ce kawai ta toshe su, na bi su da abin gyaran haƙori. Sabon tiyon birki da mai fam 41. Giris a nonuwa uku na kowane gefe har ya ɓullo.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi sallah ranar Laraba. Yau ta sauka ƙasa. Na tura ta gaba da baya, na danna hancin sau da yawa, sannan na ɗaure bushin. Awo: inci 14 da kwata duka gefen biyu. Baya yana nan a sama, tana tsaye kamar rago zai yi karo.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Alaimen, fam 55. Bakin tayoyin na sa a shigar ciki 1/16 na inci. Abin da na matsu in gani shi ne kasta a allon na'urar: 4.1 a hagu, 4.3 a dama. Na ɗauki hoton na tura wa Kawu.

Asabar, 20 ga Afrilu

Motar da ta haura shekara 40 a nan an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, tun 2018, in ba a yi mata babban sauyi ba. Duk da haka na kai ta, fam 50, domin waldar da ke riƙe sitiyari tawa ce, ina son idon wani ya gan ta. Mai gwajin ya daɗe a ƙarƙashi da fitila da ƙarfen bincike. Ta wuce. Jimlar kuɗi fam 1,038.

Daga nan na bi hanyar Kenilworth na zagayo, mil 30. Kwanciyar nan a shataletale ta ragu ƙwarai, hanci yana shiga kwana da zarar an juya, sitiyari ya yi sauƙi wajen fakin. Ya rage saurin komowa tsakiya da kansa bayan kwana, wannan kuɗin rage kasta ne, na kuma san da shi. Abubuwa biyu ba su yi mini ba. Akwai ƙara siririya daga dama a kan hanya mai gargada, ina zargin sandar da ke haɗa sitabilaiza da hannu. Na biyu, baya yana jin kamar ba na motar ba, yana tsalle yana biyo gaba a makare.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ƙarar ta sitabilaiza ce, noti ɗaya ya saki, na ɗaure. Na sake bin kusoshi huɗu na bodi bayan mil 120, robar ta zauna, kowanne ya karɓi kusan kwatan juyi. Na goge kunnuwan rak na duba da fitila, fenti bai tsage ba ko'ina.

Saura baya. Ina buƙatar sifirin mai ganye na ƙasa-ƙasa, da gajerun igiyoyin da ke riƙe aksul, da gajerun sandunan shokozoba, in ba haka ba hannunta zai zauna a karkace. Na tambayi farashi, zai kai fam 300, sai albashin Mayu ya shigo. Kafin nan zan fara jiƙa kusoshin gaban sifirin da man sassauta tsatsa kowane dare, domin na leƙa na ga na hagu ya kumbura da tsatsa, da wuya ya fita ba yanka.